Inhela Ba Ta Gina Ƙwanji, Wake Ke Ginawa

Da hunturu ya kama, ƙurar da ke gangarowa daga Nijar ta bi ta Maigatari ta lulluɓe Gagarawa Tasha, masu ciwon asma sai su koma yawo da inhela a aljihu. Wannan 'yar shuɗiyar roba, Ventolin, maganin da ke cikinta salbutamol ne. Aikinsa ya sassauta naman da ya ɗaure hanyoyin iska a huhu, numfashi ya dawo cikin 'yan mintuna.

Sai dai magana na yawo a tsakanin samari masu ɗaga ƙarfe, irin waɗanda ke cusa siminti a gwangwanin madara biyu su soka sanda a tsakiya, wai inhela na ƙara ƙwanji. Zancen yana da tushe. Inda maganin ke kamawa a huhu, akwai irinsa a tsokar hannu da cinya, kuma idan aka sha da yawa ƙwarai yakan ɗan ƙara nama. Ɗan uwansa clenbuterol shi ya jawo aka ƙwace wa Alberto Contador na Sifen kambun tseren keken Faransa na 2010. Amma fesa ɗaya mikirogiram 100 ce kawai. Shi ya sa hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta bar 'yan wasa su shaƙi har mikirogiram 1,600 a awa 24. Wanda ya zarce don neman ƙwanji, abin da zai fara gani rawar hannu ce da bugun zuciya, sinadarin fotashiyam ya ragu a jini.

Abin da ya fi damuna ma ƙwayoyin sha-ka-fashe ne, wato dexamethasone, da ake saye a kemis don a yi ƙiba. Fuska ta kumbura, ciki ya fito, a ɗauka lafiya ce, alhali tsokar cinya narkewa take yi.

Tsoka tana girma ne idan aka wahalar da ita, sannan aka ba ta furotin ta gyara kanta. Baligi na buƙatar kusan giram 0.8 kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai ɗaga ƙarfe kuwa amfanin yakan tsaya wajen giram 1.6. Saurayi mai kilo 60 kenan yana neman kusan giram 96. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, busasshen wake giram 100 yana da sama da 20, waken suya ya fi haka. Tuwon gero da miyar kuka zalla da wuya su kai shi, amma in aka haɗa da ɗanwake, awara, ƙuli-ƙuli, kindirmo a fura, da riɗin da yankin nan ke lodawa a buhu ana kaiwa Kano, lissafin zai fita ba tare da gwangwanin hodar kanti ba.

Mai asma da numfashinsa ke yankewa kafin ya gama ɗagawa goma, likita zai gani, don wataƙila inhelar rigakafi ta kullum yake buƙata, ba ƙarin fesa shuɗiyar ba.