Idon ƙwaron dutse ne ke tona asirin jabu

Ƴan kasuwar Magarya da Dungas sun san halin jabu, a atamfa ne, turare ko magani. To, a garin Alnif na ƙasar Maroko har dutse ake yi wa jabu.

Can ana haƙo wani ƙwaron teku da ya sandare ya zama dutse, sunansa tirilobit, wanda irinsa ya ƙare shekaru miliyan 252 da suka wuce. Da baƙi suka fara sayensa da tsada, sai wasu suka shiga ƙera na roba suna shafa masa fenti.

Ta yaya mai saye ke ganewa? Ido yake dubawa. Idon nau'in Phacops ƙwayoyi ne a jere kamar masara, na kalsit, sinadarin dutsen da ake siminti da shi a Malbaza. In an ɗauki hotonsa kusa-kusa, na gaske kowace ƙwaya takan fito tsaf. Na jabu kuwa sau da yawa sai dishi-dishi da ƴan ramukan iska.

Hajiya, ke ma in za ki sari kaya ta waya, nemi hoton kusa kafin ki tura kuɗinki.