Tafiyar Sannu da Ƙanne a Garin Gombe

Ɗalibi, idan kana da ƙane ko ƙanwa mai shekara 3 zuwa 6, ka lura da yadda tafiya da shi take. Kai kana sauri, shi kuwa yana tsayawa ya kalli tururuwa, ko ya ɗauki tsakuwa, ko ya bi malam-buɗe-littafi da ido. Sau da yawa manya sukan ce wa yaro, "Yi sauri mana!" To, amma wannan tsayuwa da yake yi karatu ce. Ta hanyar gani da ji da taɓawa da sansanawa ne ƙaramin yaro yake fara sanin duniya, tun kafin ya san baƙi da wasali. Bahaushe ya ce gani ya kori ji.

Garin Gombe ya zama babban birnin jiha a ranar 1 ga Oktoba, 1996. Tun daga lokacin jama'a suka ƙaru, gidaje suka cinye gonaki da filaye da yawa. Saboda haka yaran unguwanni irin su Pantami da Bolari da Tudun Wada ba su cika ganin daji kamar yadda kakanninsu suka gani ba. Duk da haka, ba sai ka kai ƙanenka Dutsen Liji ko madatsar ruwa ta Dadin Kowa ba kafin ya ga abin mamaki. Gindin darbejiyar ƙofar gida ya isa makaranta.

Ga yadda za ka yi. Da farko, zaɓi lokacin da rana ba ta da zafi, wato da sassafe ko bayan la'asar. Na biyu, bar yaron ya shige gaba, kai ka bi shi. Inda ya tsaya, ka tsaya. In ya tsuguna, ka tsuguna. Na uku, kada ka yi gaggawar ba shi amsa. Tambaye shi: "Me ka gani? Ƙafafunta nawa? Ina za ta?" Idan ya ƙirga da kansa ya gane tururuwa tana da ƙafa shida, gizo-gizo kuwa takwas, ba zai manta ba. Na huɗu, ku yi shiru na ɗan lokaci ku saurara. Zai ji kukan kurciya da motsin ganye, abubuwan da hayaniya take ɓoyewa.

Kowane lokaci na shekara yana da darasinsa. Da bazara shamuwa takan iso, manoma su san ruwa ya kusa. Da damina ta sauka, daga wajen watan Mayu zuwa Oktoba, kwaɗi sukan cika dare da kuka, shinge kuma ya fito bayan ruwan farko. Wannan ne lokacin da ya dace ku shuka wake a gwangwani, ku riƙa dubawa kullum har ya tsiro cikin 'yan kwanaki. Da hunturu kuwa, nuna masa kuka ta zubar da ganyenta, alhali gawo ya yi kore shar. Gawo saɓanin sauran itatuwa yake: da damina yake kaɗe ganye, shi ya sa manoma suke barinsa a gona, don ba ya tare wa shuka rana, ganyensa kuma taki ne.

Akwai darasi guda da ya shafi Gombe musamman. Ƙasar garin tana da yashi, kuma zaizayar ƙasa ta haƙa manyan kwaruruka da suka rushe gidaje a wasu unguwanni. Ka zuba ruwa a kan tsurar ƙasa, sannan ka zuba a inda ciyawa take, ka bar yaron ya kwatanta. Zai ga ruwan farko ya kwashe ƙasa, na biyu kuwa ya nutse, domin saiwoyi sun riƙe ta. Wannan shi ne ɗaya daga cikin dalilan da suka sa gwamnatin jihar ta fara shirin dashen itatuwa mai suna Gombe Goes Green a shekarar 2019. Yaron da ya fahimci aikin saiwa ba zai karya dashe don wasa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai dai a yi hattara. Kada ku kusanci bakin kwari, musamman idan hadari ya haɗu. Kada yaro ya sa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse, saboda kunama da maciji. Hana shi taɓa ruwan tumfafiya, don yana cutar da ido, kuma kada ya shiga kududdufi, saboda tsargiya. In kun dawo gida, ku wanke hannu da sabulu.

Tafiyar da kai kaɗai za ka yi cikin minti 5 tana iya ɗaukar ku rabin awa. Kada wannan ya dame ka, domin sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi

1. Kawo hanyoyi huɗu na tafiya da ƙaramin yaro da aka bayyana.
2. Me ya sa manoma suke barin gawo a gona?
3. Rubuta sunayen itatuwa biyar da ke unguwarku.