Rubutu bisa bango: ado ne ko ɓarna?

Duk wanda ya ratsa manyan biranen duniya zai ga bangwaye cike da rubuce-rubuce da zane-zane masu launi. Turawa suna kiran wannan aiki girafiti, kalmar da ta fito daga harshen Italiya, ma'anarta karce. Wasu suna ɗaukarsa gwaninta, wasu kuwa ɓarnar dukiyar mutane. Bango dai yana da mai shi, amma idon kowa yana sauka bisa kansa. Don haka maganar ta shafi talaka, ta shafi hukuma.

Barin alama bisa dutse ko bango ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. A Dabus, arewa da Agadas, mutanen da sun sassaƙa raƙuman dawa bisa dutse tun shekaru dubbai, babban cikinsu ya fi mita 5. A unguwar Birni ta Damagaram, magina sun ƙawata fuskokin gidaje da zayyana. Sai dai magini ba ya taɓa bango sai mai gida ya kira shi.

Girafiti na zamani ya ɗauki wata hanya dabam. A birnin Niyok na Amurka, wani saurayi ɗan aike ya riƙa rubuta laƙabinsa da lambar titinsu, TAKI 183, duk inda ya bi. Da jaridar New York Times ta ba da labarinsa a 1971, sai samari suka yi ta kwaikwayonsa. Daga suna tsurarsa aka koma manyan haruffa masu launi, har aka rufe taragun jirgin ƙasa da fenti. Babu wanda ya nemi izini. A 1972 magajin garin, John Lindsay, ya ɗaura yaƙi da abin, amma sai a 1989 aka janye tarago na ƙarshe mai zane daga aiki. Shekara 17 ke nan ana kashe kuɗin jama'a wajen wanki da gadi.

A Dakar, babban birnin Senegal, labarin ya sha bamban. Wajen 1990, da shara ta cika unguwanni, samari suka tashi da wani yunƙuri mai suna Set Setal, wato a harshen Wolof tsabta da tsabtacewa. Suka share tituna, suka yashe magudanan ruwa, sannan suka zana bisa bangwaye hotunan manyan mutane kamar Shehu Amadu Bamba, da Lat Dior, da Nelson Mandela, tare da gargaɗi kan lafiya. Aikin na mutanen unguwa ne da kansu, shi ya sa aka karɓe shi hannu biyu. A 2010 wani mai zane da aka sani da Docta ya kafa bikin Festigraff, wanda ya tara gwanaye daga ƙasashe da dama. A 2020 kuma, lokacin annobar korona, masu zanen Dakar suka nuna bisa bango yadda ake wanke hannu da rufe hanci da baki. Wanda bai iya karatu ba ma ya gane saƙon.

To, wane darasi ke gare mu? Fentin iri ɗaya ne a Niyok da Dakar. Abin da ya raba su shi ne yarda da amfani. Wanda ya rubuta zagi bisa bangon lakwal, ko ya shafe allon da ke nuna hanyar gidan likita, ya yi ɓarna ko da hannunsa yana da kyau. Amma korar masu zane gaba ɗaya asara ce, domin bangon da babu mai kula da shi nan ake jibge shara.

Ya kamata ma'aikatun magajin gari su keɓe wasu bangwaye, kamar na kasuwa, na tasha da na filin wasa, su miƙa su ga samari masu baiwa, bayan an shawarci masu unguwa. A rubuta saƙon da harsunanmu, haruffa daidai, ƙugiya a inda take, don wanda ya koyi karatu da girmansa ya samu abin karantawa bisa hanyarsa ta zuwa kasuwa. Mai zane kuma ya sa sunansa a ƙasa, domin kowa ya gyara a sani, kowa ya ɓata a sani.