Baƙin Ƙarfe da Hayaƙi: Yadda Ake Mayar da Iskar Kabon Man Jirgi



Yau zancen iskar kabon dayoksaid zan yi, wadda ke ɗumama duniya. Ni dai na daɗe ina kallonta a matsayin shara kawai, sai da na karanta wani bincike na Jami'ar Oxford da ke Ingila, wanda ya fito a mujallar Nature Communications a Disamban 2020. Masanan sun mayar da ita man jirgin sama, kuma da baƙin ƙarfe suka yi aikin.

To ta yaya? Iskar nan tana da taurin kai, ba ta son haɗuwa da komai. Dole sai da katalis. Ku ɗauke shi kamar dillali a kasuwar shanu: ya haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa, shi kuma ya koma jiran na gaba. Nasu dillalin ƙarfe ne da aka gauraya da manganis da fotashiyam.

Ana tura iskar kabon da ta haidurojin su bi ta kansa a zafin digiri 300. Da farko wani nau'in tsatsar ƙarfen ya cire mata iskar oksijin ɗaya, ta koma kabon monoksaid. Sannan ƙarfen da ya sha kabon ya riƙa ɗinke ƙwayoyin suna zama doguwar sarƙa, wato mai. Wannan mataki na biyu tsohuwar dabara ce ta Fischer da Tropsch, Jamusawa, tun 1925. A gwajin, kusan kashi 38 cikin 100 na iskar ta juya.

Me ya sa ƙarfe? Araha. Ga shi jibge a ƙasa, ba kamar filatinam mai ɗan karen tsada ba.

Amma fa kar a yaudare mu. Haidurojin ɗin daga ina? In da iskar gas ko kwal aka samar da shi, an yi tufka da warwara. Sai dai a raba ruwa da lantarkin hasken rana ko na iska. Kuma in jirgin ya ƙona man, kabon ɗin sama zai koma. Ribar kawai ita ce ba a haƙo sabon mai ba.

Don haka duk kamfanin da ya ce muku mansa "tsaftatacce" ne, ku tambaye shi inda ya samo wutarsa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.