In ka zo Maraɗi, kada ka tsaya kasuwa kaɗai

Ƴan uwa manoma da makiyaya, aikin gona ya ƙare. Hatsi ya shiga rumbu. Yanzu ne lokacin tafiya. Da yawa cikinmu za su je Maraɗi. Wani zai kai wake ko gujiya kasuwa. Wani zai kai maras lafiya asibiti. Wani kuma gaida dangi zai je.

Amma sau da yawa ga yadda abin yake: mutum ya sauka tasha da safe, ya shiga kasuwa, ya saida kayanshi, ya sayi gishiri da atamfa, ya koma gida kafin magariba. In aka ce mashi: "Me ka gani a Maraɗi?" sai ya ce: "Motoci da mutane." Wanga bai ga Maraɗi ba. Kasuwa ya gani.

Maraɗi tsohon birni ne mai labari. Yaƙi ne ya kawo sarakunanshi. Ruwa ya cinye shi, ya sake tashi. Wanda ya ba shi kwana biyu zai koma gida da abin faɗa ma ɗiyanshi. Ga yadda za ka bi.

Shirin tafiya

1. Ka ɗauki takardar shaidarka ta ɗan ƙasa. Ana tambayarta bisa hanya.
2. Ka raba kuɗinka gida biyu. Na mota da abinci a aljihu, sauran ka ɓoye a jikinka.
3. Ka san wurin saukarka tun daga gida. Ka rubuta sunan mai masaukinka, da sunan unguwarshi, da lambar wayarshi a takarda.
4. Kafin ka hau babur ko adaidaita, ku gama ciniki.
5. Kada ka yi tafiyar dare. Shekarun nan ɓarayin daji sun dami wasu garuruwa na bakin iyaka. In za ka yi kudu, ka tambayi mutanen tasha labarin hanya.
6. Ka tafi da littafinka da alƙalami. Abin da aka rubuta ba ya ɓacewa.

Fara da ƙofar fada

Da safe ka nufi fadar sarki. Gabanta akwai babban fili, ana ce mashi filin Ɗan Kasawa. Ka riƙe sunan nan, don shi ne tushen labarin.

Ka lura, ba a cewa "Sarkin Maraɗi" kaɗai. Ana cewa "Sarkin Katsinan Maraɗi". Me ya kawo Katsina cikin sunan? Ga dalili.

A 1804 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara jihadi. Wajen 1807 mutanenshi suka ci Birnin Katsina. Sarakunan Hausa na Katsina suka fita, suka yi arewa. Aka sake cin su a Ɗankama, sarkinsu ya mutu can. Waɗanda suka rage suka naɗa Ɗan Kasawa. Ya yi shekaru yana gudun hijira a ƙasar Damagaram.

Lokacin nan Maraɗi ƙaramin gari ne cikin kurmi, bakin gulbi. Mutanen wurin ba su ji daɗin sabbin masu mulki ba. Suka yi tawaye, suka kira Ɗan Kasawa. Wajen 1819 ya zo ya zauna Maraɗi. Ya zo da sarautar Katsina da tsarinta. Shi ya sa har yau za ka ji ana kiran Ƙaura, da Galadima, da Ƴandaka, da Durɓi. Su ne manyan fada huɗu. Ƙaura shi ne shugaban yaƙi. Akwai kuma Iya, mace ce daga gidan sarauta, mai faɗa a ji cikin sha'anin mata.

Shekaru da yawa Maraɗi tana yaƙi da Katsina da Sakkwato. Ba a ci ta ba. Cikin sarakunanta an fi tuna Ɗan Mari da Ɗan Baskore, wanda dawakinshi suka riƙa kai hari har ƙasar Kano. Daga baya Turawa suka zo. Faransa da Ingila suka ja iyaka a farkon shekarun 1900. Maraɗi ta faɗa hannun Faransa, Katsina ta faɗa hannun Ingila. Yau yaƙi ya wuce. Tsakanin garuruwan biyu kilomita wajen 90 ne, kuma aure da ciniki sun haɗa su.

Fada tana da ladabinta. Kada ka kutsa kai. Ka gaida dogarai, ka faɗa masu daga inda ka fito da abin da ya kawo ka. In an ce ka shiga, ka tuɓe takalmi. In ka ga sarki, ka durƙusa ka ce: "Ranka ya daɗe." Kada ka ɗauki hoto sai ka nemi izini. In tafiyarka ta dace da salla, to ka yi sa'a. Za ka ga hawan sarki, ka ji kakaki da tambura.

Gangara bakin gulbi

Daga fada ka yi yamma, ka gangara fadama. Za ka iske gonaki da garake da inuwar mangwaro. Ka tsaya ka duba da kyau. Nan wajen ne tsohon Maraɗi yake. Nan Ɗan Kasawa ya zauna. Nan aka yi ganuwa da ƙofofi.

Ina garin ya tafi? Ruwa ne ya ci shi. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake fitowa. Yana bi ta Jibiya, ya shigo Nijar, ya wuce Madarumfa da Maraɗi da Tibiri, sannan ya sake komawa Najeriya. Da rani yashi ne kawai, yaro ma yana ƙetare shi. Amma a damanar 1945 ya cika ya batse. Ruwa ya shiga gari. Gidajen ƙasa suka jiƙe, suka zube.

Bayan haka aka tada garin, aka maida shi bisa tudu. Aka ja tituna miƙaƙƙu, aka yanka filaye kare-kare. Mutane suka hau tudu da sunayen unguwanninsu. Shi ya sa tsofaffin unguwanni kamar Bagalam, da Ƴandaka, da Maradawa, da Limanci, da Mokoyo suke kusa da fada. Sabbin unguwanni, kamar Sabon Gari da Zariya, daga baya suka zo.

Akwai darasi a nan ga kowane ƙauye. Wurin da ruwa ya taɓa bi, zai sake bi. A damanar 2024 ma ruwan sama ya rushe gidaje da yawa cikin Maraɗi, har aka yi hasarar rayuka. In za ka gina gida, ka tambayi tsofaffi inda ruwa ya tsaya shekarar da ya fi yawa. Ka gina sama da nan.

Sannan ka shiga kasuwa

Babbar kasuwa tana ci kullum, amma Litinin da Juma'a ta fi cika. Wannan karo kada ka shiga da gaggawa. Ka zaga. Ka duba abin da ya fito daga ƙauyukanmu: gero, dawa, wake, gujiya, aya, riɗi. Ka tambayi kuɗin tiya, ka rubuta. In ka koma gida, mai saye ba zai ruɗe ka ba.

Gujiya ce ta fara ɗaga Maraɗi. Zamanin Turawa kamfanoni suka buɗe kantuna, suna sayen gujiya suna kai ta Kano, daga can jirgin ƙasa ya kai ta bakin teku. Ƴan gari suka zama masu saye a madadinsu. Cikinsu aka sami manyan ƴan kasuwa da ake kira Alhazan Maraɗi. Fari na 1973 da 1974, da cutar da ta kama gujiya a 1975, suka karya nomanta. Alhazai ba su zauna ba. Suka juya ga fataucin kaya tsakanin Nijar da Najeriya. Garin ya ci gaba da girma. A ƙidayar 2012 mutanenshi sun wuce 267.000. Yamai da Damagaram kaɗai suka fi shi.

Ka leƙa wajen dabbobi, ka ga jar akuya. Sunanta ya kai ƙasashen waje, ana ce mata jar akuyar Maraɗi. Tana yawan haihuwar tagwaye, tana da nono, kuma fatarta tana da daraja wajen masu jima da dukawa.

In ka ga allon da aka rubuta Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, to sunan jami'ar garin ne. An buɗe ta a 2010. Mai sunan ɗan Maraɗi ne, masanin kimiyya, ya taɓa riƙe ministan ilimi. Ɗiyan talakawa daga ƙauyuka suna karatu cikinta. Ɗanka ma yana iya zuwa, in ka bar shi lakkwal.

Rana ta biyu: Tibiri

Tibiri tana arewa maso yamma da Maraɗi, wajen kilomita 10, bisa hanyar Yamai. Nan Sarkin Gobir yake.

Labarinta ya yi kama da na Maraɗi. A 1808 mutanen Shehu suka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, aka kashe Sarki Yunfa. Gobirawa suka watse. A 1836 suka haɗa kai da Katsinawan Maraɗi, suka kara da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Gawakuke. Aka ci su. Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda duka suka mutu a yaƙin. Bayan wannan Mayaƙi ya tara Gobirawan da suka rage, ya kafa Tibiri kusa da Maraɗi, don garuruwan biyu su riƙa taimakon juna.

Ka je ƙofar fada ka yi gaisuwa yadda ka yi a Maraɗi. Ka tambayi labarin Inna. Kamar yadda Maraɗi take da Iya, haka Gobir take da Inna. Ka zauna wurin tsofaffi. In ka ambaci Bawa Jan Gwarzo, ba za ka tashi da wuri ba.

Jiratawa

Da la'asar ka yi kudu, ka je Jiratawa. Ita ma wajen kilomita 10 ce daga Maraɗi. Manomi ba zai yi da-na-sanin zuwa ba.

A farkon shekarun 1980 gwamnati ta gyara fili na noman rani a nan, hekta wajen 500. An haƙa rijiyoyi masu zurfi. Injin lantarki yana jawo ruwa, ruwa yana bin magudanai har cikin gonaki. Manoma suna cikin ƙungiya. Kowa yana biyan kuɗin ruwa da na wuta. Cikin rani tsaka, lokacin da gonakinmu suka bushe, nan kore ne shar. Ana noma albasa, da tumatir, da tattasai, da masara. An fi sanin Jiratawa da zogale. Ana yankan ganyen, ya sake tohowa, a sake yanka. Ana shanya shi, a cika buhuna, a kai har Yamai.

Kada ka ji kunyar tambaya. Yaya suke raba ruwa? Wa ke riƙe kuɗin ƙungiya? In inji ya lalace, wa ke gyara? Yaya suke shanya zogale bai yi baƙi ba? Matambayi ba ya ɓata. Ƙila ƙauyenku ba shi da inji, amma yana da rijiya ko tabki. Zogale ba ya son ruwa mai yawa.

In kana da sauran lokaci kuma hanya lafiya, ka ƙarasa Madarumfa. Akwai babban tabki da masunta. Kewaye da shi akwai kaburbura da mutanen wurin suke cewa na waliyyai 99 ne. Jama'a suna zuwa ziyara daga nesa.

Abin da za ka kai gida

Tsarabar birni ba atamfa da biredi kaɗai ba ce. Labari ma tsaraba ne. In ka koma, ka tara iyalinka ka karanta masu abin da ka rubuta.

Sannan ka yi ma ƙauyenku irin tambayar da ka yi ma Maraɗi. Wa ya sari garin? Daga ina ya fito? Wace shekara aka yi babbar yunwa? Ina ruwa ya tsaya? Ƙauyuka da yawa na ƙasar nan mutanen da suka fito daga Maraɗi ko Tibiri ne suka kafa su. Ƙila kakanka yana cikinsu.

Tsofaffin da suka ga ruwan 1945 da idonsu sun rage kaɗan. Na ƙauyenku ma ba za su dawwama ba. Ka je wurinsu tun suna da rai, ka kai masu goro, ka zauna, ka rubuta.