Aska: Makamin wanzami da ya ƙi ɓacewa

Duk da yawaitar shagunan aski na zamani a arewacin Najeriya, har yanzu aska tana da masu ita, musamman a karkara.

A garuruwa irin su Basirka, da ke ƙaramar hukumar Gwaram a kudancin jihar Jigawa, kusa da iyaka da jihar Bauchi, wanzami ne ake kira ya yi wa jariri askin suna a rana ta bakwai. Shi ne kuma mai kaciya da ƙaho, kuma akwai dattawan da ba su yarda inji ya taɓa kansu ba.

Abin mamaki shi ne, yayin da matasa a nan ke yi wa aska kallon kayan da, a Turai da Amurka kuwa kasuwarta ta farfaɗo. Akwai masu neman tsofaffin asake da aka ƙera a Sheffield ta Ingila ko Solingen ta Jamus, su kankare tsatsa, su sauya ƙota, su wasa su, sannan su sayar ko su ba da kyauta. Kamfanin Dovo, wanda aka kafa a Solingen a 1906, ya yi suna a wannan fanni.

A can ma dai sai da aska ta kusan mutuwa. A 1904 ne wani Ba'amurke, King Camp Gillette, ya sami lasisin mallakar fasahar rezarsa da ake amfani da ita a yar, kuma a lokacin yaƙin duniya na ɗaya an raba wa sojojin Amurka ita. Da suka koma gida, yawancinsu ba su sake waiwayar aska ba.

Mallakar aska ba ita ce iya aski ba

A ƙasar Hausa ba a cika samun aska a matsayin kyauta ba, gado ake yi. Ɗan wanzami yakan daɗe yana ɗaukar zabira yana bin mahaifinsa, yana kallo yana wasa asake, kafin a bar shi ya taɓa kan mutum. A garuruwa da dama akwai Sarkin Aska da ke shugabantar masu sana'ar.

Wanda aska ta shigo hannunsa, ko ta gado ko ta saye, darasinsa na farko shi ne washi. Dutse ne ke fitar da kaifi, fata kuma ta daidaita shi. A kan dutse bakin askar ne ke gaba, amma a kan fata bayanta ake ja, in ba haka ba sai ta yanke fatar ta kuma dakushe. Tsohuwar askar da tsatsa ta cinye bakinta kuwa, ko an goge ta ta yi ƙyalli, da wuya ta riƙe kaifi.

Daga nan sai jiƙa gashi da ruwan ɗumi da sabulu har ya yi laushi. Ana jan fata da yatsun hannu ɗaya ta miƙe, a kwantar da askar da ɗan karkata kaɗan, kimanin digiri 30, a riƙa sharɓa a gajarce ta inda gashin ya kwanta.

Kurakurai biyu ne suka fi zubar da jinin ɗan koyo: danna aska da ƙarfi, da kuma jan ta a kaikaice kamar mai yanka nama. Askar da ta wasu ba ta bukatar ƙarfi, kuma wadda ta dakushe ce ta fi yanka mutum, domin ita ce ke sa a danna.

Ga mai barin gemu, gyaran gefen saje ya isa wurin fara koyo. Askin ƙeya da kanka kuwa sai hannu ya faɗa sosai. Bayan an gama a wanke askar, a tsane ta, a shafa mata ɗan mai.

Inda haɗarin yake

Babbar damuwar jami'an lafiya ita ce aska ɗaya ta zagaya kawuna da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙwayar cutar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a wajen jikin ɗan Adam na aƙalla kwana 7. Ke nan ɗan jinin da ya bushe a bakin aska, wanda ido ma ba ya gani, na iya kai cutar ga na gaba.

Binciken da aka gudanar a faɗin Najeriya a 2018 ya nuna cewa kimanin kashi 8 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da wannan cuta, adadin da ya ninka na masu ƙwayar HIV sau da yawa. Akasarinsu kuma ba sa jin alamar komai.

Goge aska da tsumma ko ɗauraye ta da ruwa ba ya kashe ƙwayar. Dalili ke nan da ya sa wanzamai da dama suka koma amfani da ƙotar da ake saka wa ɓarin reza, a yar bayan kowane aski. Irin wannan tsari ne hukumomin Saudiyya suka wajabta wa masu yi wa alhazai aski a Mina.

Wasu magidanta kuma sukan ajiye askarsu ko su sayi sabuwar reza su miƙa wa wanzami, musamman ranar suna ko lokacin kaciyar yara. Najeriya dai ta shigar da rigakafin ciwon hanta nau'in B cikin alluran yara tun a 2004, kuma ana so a yi wa jariri ta farko cikin sa'o'i 24 da haihuwarsa, wato kwanaki kafin wanzami ya iso da zabirarsa.