Kiwon ƙaramin kifin teku na jinsin Centropyge da matsalar ba shi suna a Hausa

1. Gabatarwa

Manufarmu a wannan ƴar kasida ita ce mu nuna cewa mai fassara rubutun kimiyya ba ya iya raɗa wa abu suna sai ya san yadda abin yake rayuwa. Misalin da muka ɗauka shi ne ƙananan kifayen nan na jinsin Centropyge, waɗanda Faransanci ke kira « poisson-ange nain », ana kiwonsu cikin akwatin gilas mai ruwan gishiri, wato akwariyom.

2. Kifin da wurin zamansa

Ɗaya daga cikin mafi wuyar samu shi ne Centropyge boylei, wanda Pyle da Randall suka bayyana a 1992, bayan an gano shi a Rarotonga, cikin tsibirran Kuk na tekun Pasifik. Tsawonsa kamar santimeta 7 ne, jikinsa ja da ratsin fari. Yana zaune tsakanin duwatsun murjani, a zurfin da ya wuce meta 50. A jikinsa akwai jakar iska da ke daidaita masa iyo. In an fito da shi da gaggawa, iskar ta kumbura ta halaka shi. Saboda haka sannu a hankali ake hawowa da shi, wannan kuwa na cikin dalilan tsadarsa.

3. Sharuɗɗan kiwo

Na farko, gishiri: kimanin garam 35 a kowace lita, kamar na teku. Na biyu, tsabtar ruwa: kashin kifi na haifar da amoniya, wadda guba ce, sai ƙwayoyin bakteriya sun mai da ita nitirit, sannan nitirat, don haka akan jira makwanni kafin a saka kifi a sabon akwati. Na uku, maɓoya da haske kaɗan, tunda ɗan zurfi ne. Na huɗu, abinci: yini yake yana tsattsagar gansakuka da ƙananan halittu a jikin duwatsu. Na biyar, abokan zama: a wannan jinsi kifi kan fara balaga a mace, wadda ta fi ƙarfi ta rikiɗa namiji, maza biyu kuwa a ƙaramin akwati faɗa za su yi.

4. Batun suna

Fassarar kalma da kalma, « kifin mala'ika », na da aibi biyu. Mala'ika kalma ce ta addini, Bahaushe ba ya jingina ta ga dabba. Sannan a Ingilishi suna guda ne ke haɗa wannan kifi da Pterophyllum, kifin ruwan daɗi na kogin Amazon, wanda Faransanci ya ware da sunan « scalaire ». Wanda littafi ya ruɗa ya saka kifin teku a ruwan daɗi, ruwa zai yi ta shiga jikinsa, gishirin jininsa ya tsinke, ya mutu.

Sunan dangin, Pomacanthidae, ya ba mu mafita: a Girkanci « poma » murfi ne, « akantha » kuwa ƙaya, saboda ƙayar da ke gefen kumatunsa. Muna ba da shawarar « ƙaya-kumatu na teku », bisa tsarin harɗaɗɗun sunaye na Hausa, ƙarin « na teku » kuma ya gargaɗi mai kiwo game da ruwa. Muna jiran ra'ayin abokan aiki da ɗalibbai kafin a shigar da shi ƙamus.